Tabon Guga a Farin Ƙyalle

Ɗaga-Kai ake ce masa, ba kuma don girman kai ba, domin ranar da aka yi rabon girman kai a layin nan shi yana cikin shago. Sunan daga sana'arsa ya fito. Shekara goma sha tara ke nan yana ɗaukar hoton fasfo a wani ɗan shago da ke kallon ofishin yin katin shaida, kuma duk wanda ya zauna a kujerarsa magana ɗaya yake ji daga bakinsa: "Ɗaga kai kaɗan." Tun yara na tsokanarsa da ita har manya suka ɗauka, har matarsa ma in ta so wasa haka take kiransa. Bai taɓa cewa yana son sunan ko ba ya so ba, don ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Shagon bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba. A bakin ƙofa akwai madubi da mataji ɗaure da zare, saboda masu mantuwa su tafi da shi a aljihu. A jikin ƙusa akwai wata baƙar kwat da ta shiga jikin rabin masu neman aikin garin. Sai kwamfuta, da injin buga hoto, da almakashi, da kujera marar majingina. Bayan kujerar kuma farin ƙyalle ne rataye a bango.

Ƙyallen nan yana da tabo. Shekarar da aka saye shi matarsa tana goge masa shi, jaririnta ya tsala kuka, ta bar dutsen guga a kai ta tashi. Ya fito da ƙuna ruwan ƙasa, siffar hancin dutsen gugar sak, kuma tabon ya zauna daidai saman kafaɗar duk wanda ya hau kujerar. Yayansa ya ce ya sayi sabo, ya ce gobe. Goben nan ta haifi jikoki. Maimakon haka sai ya koyi goge tabon a kwamfuta, dannawa biyu ya ɓace. Masu zuwa kuwa ba ruwansu da ƙyalle. Mutum zai dubi madubi ya gyara hula, ya dubi kyamara ya ƙame, ya karɓi hotonsa ya ce bai yi kyau ba, ya fita.

Gaskiya ɗaya dai a faɗe ta tun da wuri: ba wanda ya cuci mutumin nan. Matarsa ba ta raina shi ba, tana ajiye masa abincinsa a rufe, tana ɗinkinta. 'Ya'yansa huɗu suna gaishe shi idonsu na kan talabijin. Shi ne na uku cikin 'yan'uwa biyar, kuma a taron gida in ya buɗe baki Yaya yakan ce, "To, mun ji," tun bai kai tsakiyar magana ba, ba da mugunta ba, don dai a yi sauri. Haka ya rayu, ba a ƙi shi ba, ba a neme shi ba. Tun abin yana damunsa har ya daina, kuma ranar da ya daina ɗin bai ma lura ba.

Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Ɗaga-Kai ya ga fuska ta fi ta kasuwa yawa, amma bai taɓa tambayar ko ɗaya komai ba. A wurinsa fuska awo ce: kunne biyu su fito, haɓa ta daidaita, goshi kada ya yi ƙyalli. Amarya ta zo, mai takaba ta zo, wanda aka kora daga aiki ya zo, duk ɗaga kai kaɗan.

A cikin kwamfutarsa akwai wata ma'ajiya da ya sa wa suna "Ba su dawo ba". Nan yake tara hotunan waɗanda aka ɗauka wuta ta ɗauke kafin a buga, aka ce su dawo, suka bi iska. Al'adarsa ce ba ya gyara hoto sai mai shi na tsaye, don bai ga dalilin wahala a kan wanda ba lalle ya dawo ba. Saboda haka duk hotunan da ke ciki ɗanyu ne, da tabonsu da komai.

Cikinsu akwai na wani tsoho. Farin gemu, hula da ta sha wanki, idanu masu kallon mutum kai tsaye. Irin fuskar nan ce da in ta ce maka hadari ya taso za ka kwashe shanya ba tare da ka dubi sama ba. Ranar da ya zo wuta ta ɗauke, ya ce Allah ya kai mu gobe, bai sake dawowa ba. Shekara biyu hotonsa na kwance.

Tsakanin ƙarfe biyu da huɗu na rana layin yakan mutu. Ma'aikatan ofishi sun tafi cin abinci, mai askin da ke maƙwabtaka da shi ya miƙe a benci, ƙudaje ma sun gaji. A lokacin nan Ɗaga-Kai yake buɗe wayarsa. Yana da shafi a dandalin sada zumunta, da fuskarsa da sunansa, da mabiya goma sha ɗaya, ciki har da matarsa wadda ta manta lambobin sirrinta tun bara. Wata rana ya yi rubutu a kan kwatar layinsu da ta toshe har sauro ya zama ɗan gida. Ya tsara shi da kyau. Ya duba da yamma, ya duba washegari, ko kare bai shinshina ba.

Bai yi fushi ba. Sha'awa ce kawai ta gwaji ta kama shi, irin ta wanda ba shi da abin yi. Ya buɗe sabon shafi, ya sa hoton tsohon nan, ya raɗa masa suna Tsoho Mai Ido, ya kwafi rubutun kwatar bai canja ko wasali ba, ya saka shi a zauren 'yan unguwa da ke dandalin.

Kafin la'asar mutum ɗari huɗu sun danna masa alamar so. "Gaskiya ne, Baba." "Allah ya ƙara wa Baba lafiya." "Abin da babba ya hango ke nan." Ya zauna yana karantawa, ya ji wani abu yana tsattsarga masa a ƙirji, kamar ƙafar da ta daɗe a sage ta fara minjirya. Daɗi ne, daɗi sosai, ya manta rabon da ya ji irinsa. Ranar har ya saya wa yara lemo, matarsa ta dube shi ta ce, "Baban yara, lafiya dai ko?"

Amma kwata ɗaya ce a layin, magana a kanta ba ta wuce sati. Nan da nan ya gane abin da duk mai irin wannan harka yake ganewa: in ka yaba wa mutum goma za su tsaya, in ka tona masa asiri dubu za su tsaya, in kuma babu asirin sai ka ɗinka masa. Ya fara da ƙanana. Wani shugaban makaranta da ya zo hoto yana waya da ƙarfi, Tsoho Mai Ido ya ce an gan shi inda bai kamata ba. Wani mai sayar da mai, aka ce mudunsa na da rami. Mutane suka riƙa cewa ruwa ba ya tsami banza, dattijo kamar wannan ba zai yi ƙarya ba. Shi kuwa da ya rubuta, bai ji yana ƙarya ba. Tsohon ne ke magana, shi yatsa kawai ya ara masa. Waɗanda ake faɗa a kansu ma ba mutane ba ne a idonsa, fuskoki ne masu kunne biyu.

Sai dai minjiryar nan tana da tsada. Abin da ɗari huɗu suka ba shi da farko, daga baya dubu ma ba ta bayarwa.

A tsallaken titi akwai mai kemis, mace mai gilashin ido, shekara shida tana buɗe shagonta tana kallon nasa. Wata rana ta tsallako za ta sabunta takardar izininta, ta zauna, ta dube shi ta ce, "Kai ne sabon mai hoton? Ina na da?"

"Ni ne dai," ya ce. "Ɗaga kai kaɗan."

Iyakar laifinta ke nan, in ma laifi ne. Ko haushi bai ji ba a lokacin. Amma da rana ta yi tsaka, ya rasa wanda zai rubuta a kansa, sai fuskarta ta zo masa don ita ce ta kusa. Tsoho Mai Ido ya ce akwai wata mai gilashi a layin ofishi da ke kankare kwanan wata a jikin maganin yara, kuma an binne jariri shekaranjiya saboda ita. Babu jariri, babu kankara. Ya rubuta yana cin burodi.

Washegari da hantsi ya tsaya a ƙofar shagonsa ya ga abin da ya shuka. Mata sun cika gaban kemis, matasa na bugun ƙofa, wani ya fasa gilashin taga da dutse. Hukuma ta zo ta garƙame shagon don bincike. Mai kemis ta zauna a kan dakali, gilashinta a hannu, bakinta na motsi ba mai saurara. Ya kalle ta kamar yana kallon talabijin da aka kashe wa murya. Ya koma ciki ya duba waya, mutum dubu shida. Ya jira minjiryar, ba ta zo ba. Wannan ne kawai ya dame shi a ranar.

Bincike ya nuna maganinta lafiya lau, amma mai saye ba ya karanta rahoton bincike. Shagon bai sake buɗewa ba. Ita kuwa ta kai ƙara, aka baza hoton Tsoho Mai Ido ana cigiya.

Mai aski ne ya kawo masa labari, ya shigo da reza a hannu. "Ɗaga-Kai, ka ji an kama tsohon banzan nan? Ashe maigadi ne a wani wurin sayar da katako, can ƙarshen gari. Yara sun riga 'yan sanda isa wurinsa. Duba nan."

Ya duba. Ga tsohon a ƙasa, hularsa a gefe, jini a gemu, yana ɗaga hannu yana tambayar me ya yi. Abin da ya fara zuwa wa Ɗaga-Kai a rai shi ne mai ɗaukar bidiyon ya tsaya rana na gabansa, shi ya sa fuskar ta yi duhu. Daga nan ya lalubi zuciyarsa kamar mai laluben makulli a aljihu, ko zai sami tausayi, ko tsoro, ko kunya. Bai sami komai ba, sai wani ɗan sauƙi mai sanyi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

"Allah ya kyauta," ya ce.

"Wai yana rantsuwa ko karatu bai iya ba," in ji mai aski. "To ka gani, tun da aka damƙe shi shafin ya yi tsit. In ba shi ba ne, ai da an ci gaba da rubutu."

Maganar nan ta zauna masa. Layi ɗaya kawai zai rubuta a shafin, ko "ina kwana" ce, kowa ya san wanda ke kulle ba shi ne mai rubutun ba. Amma layin nan zai iya jawo masu bincike har ƙofarsa. Kullum da rana sai ya ciro wayar daga aljihun tebur, ya buɗe shafin, tsohon ya dube shi kai tsaye, ya mayar. Ba zai ce tsoro ne ya hana shi ba. Abin ya fi kama da sayen sabon ƙyalle, gobe dai. A gida yana cin abincinsa, yana barcinsa, matarsa ma ta ce kwanan nan ya yi ƙiba.

Ranar kwana na tara wata budurwa ta shigo, sanye da rigar masu shara ta asibiti, idanunta a kumbure. Ba ta dubi madubi ba.

"Baba, sannu da aiki. Fasfo guda biyu, na fom ɗin beli."

Ya nuna mata kujera. Mutane sukan yi magana a gabansa kamar yadda ake yi a gaban bango, ita ma haka ta yi, yana gyara fitila tana zuba.

"Babana ne. Ka ji labarin Tsoho Mai Ido? To wai shi ne. Mutumin da wayarsa da roba aka ɗaure ta, in saƙo ya shigo sai ya jira na dawo na karanta masa. Sun karya masa haƙarƙari biyu. Belin ma sun ce ba tabbas, wai in an sake shi ba za su iya tsare masa rai ba, sai an ga mai shafin na gaskiya. Ina zan gan shi? Hoton nan na kalle shi har na haddace, ba dare ba rana."

"Ɗaga kai kaɗan," ya ce.

Ta ɗaga. Fitila ta haska.

"Ka san abin da ya fi ba ni ciwo?" ta ce, yana juyawa wajen kwamfuta. "Da aka nuna masa hoton, cewa ya yi, ashe ya fito. Wai ya taɓa zuwa wani shago a unguwar nan aka ɗauke shi, wuta ta ɗauke, washegari mamata ta rasu, bai sake bi ta kai ba. Ya manta shagon, sun fi ashirin. Mutum yana kwance ba ya iya numfashi sosai, amma wai damuwarsa ya ɗauki alhakin mai hoto, ya sa shi aiki bai koma ba. Ya ce mutumin kirki ne, mai shiru-shiru, har ya gyara masa wuyan riga da hannunsa. Ya ce in na gane shi in ba shi haƙuri."

Ɗaga-Kai bai tuna ya gyara wa kowa wuyan riga ba. Mai yiwuwa ya yi, don wuyan riga in ya karkace yana ɓata hoto. Abin da ya tsaya masa shi ne shekara biyu wani yana riƙe da shi a rai, a ƙarshen gari, a bakin ƙofar katako.

Hotonta ya fito a allon kwamfuta. Kunne biyu sun fito, haɓa daidai. Saman kafaɗarta ga tabon, ruwan ƙasa, hancin dutsen guga. Ya kai kibiyar kwamfuta kansa kamar yadda ya yi sau dubun dubata. Dannawa biyu ne. Yatsansa na kan wurin, bai yi nauyi ba, bai yi rawa ba, ya dai ƙi sauka. Bai yi shawara da zuciyarsa ba, don ba ta ce masa komai ba. Ya janye kibiyar, ya danna bugawa.

Injin ya yi ƙugi ya turo takarda. Ya yanka da almakashi, gefe huɗu, a tsanake, ya sa a ƙaramin ambulan ya miƙa mata. Ta yi godiya, ta kai ƙofa, ta zaro ɗaya don ta duba a haske.

Ta daɗe a tsaye. Ta goga babban yatsanta a saman kafaɗar hoton, kamar mai share datti. Sannan ta ciro wayarta, ta buɗe hoton mahaifinta na shafin, ta haɗa su gefe da gefe. Daga nan ta juyo a hankali, ta wuce shi da ido, ta dubi farin ƙyallen da ke bango. Ban da shi da matarsa da Yaya, ita ce ta fara kallon ƙyallen nan.

Shi yana zaune, idonsa a kan guntayen takardar da almakashi ya zubar. Ya ji mai aski na dariya da wani ta bayan bango. Ya ji babur ya wuce.

Ba ta yi ihu ba. Muryarta ma ƙasa ta yi.

"Baba. Ɗaga kai ka dube ni."

Ya ɗaga. Idanun tsohon ne a fuskarta, masu kallon mutum kai tsaye. Ya nemi abin da zai auna ya rasa, sai ya kalle ta kawai, ita ma tana kallonsa, kallon da ba a taɓa yi masa ba tun da ya buɗe shagon nan.

Ya jawo aljihun tebur ya ciro wayar, ya buɗe shafin, ya ajiye a gabanta. Ta karanta sunan, ta dubi hoton mahaifinta, hawaye ya sauko mata ba ta share ba.

"Me ya yi maka?"

"Ba komai."

"Ita mai maganin fa?"

"Ba komai."

Ya miƙe ya cire ƙyallen daga ƙusoshinsa, ya ninke shi huɗu, tabon a sama, ya ɗora wayar a kai. Ya kashe kwamfuta, ya ɗauki kwaɗo.

Mai aski ya leƙo yana ganinsa yana rufe shago. "Ɗaga-Kai, ina zuwa da tsakar rana haka?"

"Zan raka yarinyar nan. In an zo daga gida, ka ce kada a ajiye mini abinci."

Ta yi gaba, fom ɗin beli a hannunta, ba ta waiwayo ba. Suka tsallaka titi, suka wuce ta gaban kemis, inda har yanzu kwali ne a madadin gilashin taga. Da yake ya daɗe a zaune a shago, ƙafarsa ta hagu ta sage, sai a nan ta fara minjirya, mai zafi, tun daga tafin har gwiwa. Ya bi ta a baya yana ɗingishi, da ƙyallen a hammata.